Garantin mota: cinikin biri a sama



Akwai wani ɗan littafi da ake miƙa wa duk wanda ya sayi sabuwar mota a hannun manyan diloli. Ana sa shi cikin jaka mai kyau, a haɗa da makulli biyu, a yi musabaha, wani lokacin har da ɗaukar hoto. Sunansa garanti. Abin da ke rubuce a fuskarsa mai daɗin ji ne: in wani abu ya lalace a motar saboda kuskuren ƙira, galibi cikin shekara 3 ko tafiyar kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, kamfani zai gyara kyauta. Mu mutanen Haɗejia da garuruwan fadamarta muna da magana a kan littafin nan, kuma ba mai daɗi ba ce. Mun biya kuɗinsa, domin babu kamfanin da ke ba da garanti sadaka, yana cikin farashin motar. Sai dai an tsara sharuɗɗansa ta yadda wanda ke zaune a nan ba zai iya cika su ba, in ma ya yi ƙoƙari ya cika, aikin da za a yi masa bai kai wahalar da ya sha ba.

Mun san abin da wani zai ce tun kafin ya yi nisa da karatu: mutum nawa ne a Haɗejia ke sayen mota sabuwa dal? Gaskiya ne, ba su da yawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta zube, ko 'yar Kwatano ta zama sai wane da wane. To amma ku dubi waɗanda ake saya sababbin. Motar asibiti ce da za ta ɗauko mai naƙuda daga Guri ko Kirikasamma. Motar malaman gona ce, ko ta 'yan sintiri, ko ta ƙaramar hukuma, ko a-kori-kurar mai injin casar shinkafa, ko ta ƙungiyar manoman da suka yi karo-karo. Da yawansu da kuɗin jama'a aka saye su. In irin wannan mota ta hau kan duwatsu a harabar wata ma'aikata, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, alhali garantinta bai ƙare ba, asarar ta talaka ce wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Kuma irin wannan takardar ce ake miƙa wa mai sabon Keke Napep da mai babur da mai tarakta da mai injin ban-ruwa, bambancin kawai a kaurinta ne.

Bari mu yi lissafi, tunda lissafi ba ya son kai. Babban sharaɗin da ake gindaya wa mai mota shi ne ya riƙa kawo ta sabis a garejin dila, a kan lokaci, a buga masa hatimi a littafin. Manyan garejin irin wannan da suka fi kusa da mu suna Kano. Daga Haɗejia zuwa Kano kusan kilomita 200 ne, zuwa da dawowa 400. A ƙasar nan an saba cewa a yi sabis duk bayan kilomita 5,000. Kafin mota ta cika 100,000, za ta je sabis sau 20 ke nan. Sau 20 a kilomita 400 ya ba da 8,000. Wato kashi 8 cikin 100 na tsawon garantin ya ƙare ne a hanyar zuwa neman hatimin da zai raya garantin. Ba mu sa kuɗin mai ba, ba mu sa abincin direba da kwanansa ba, ba mu sa ranar aikin da ta tafi a banza ba. In motar asibiti ce, kwana 20 ke nan aƙalla da wani gari zai wayi gari babu ita.

Mutumin da ke zaune a Nasarawa ko Bompai, shi zai ajiye motarsa da safe ya hau Keke ya tafi ofis, la'asar ya dawo ya ɗauka. Farashi ɗaya muka biya da shi. Shi ya sayi mota da garanti, mu mun sayi mota da littafi.

Ba ji muka yi ba, a jikinmu muka gani. Mu 'yan wata ƙaramar ƙungiyar manoman shinkafa ne, mun haɗa abin da muka tara da ɗan bashi muka sayi sabuwar a-kori-kura a wani babban kamfanin dillanci a Kano, don kwasar taki da buhuna da injinan ban-ruwa. Ba za mu kama sunansa ba, domin ba shi kaɗai ke da wannan hali ba, kuma ba ƙara muka kawo nan ba. Sabis huɗu na farko duk mun kai ta Kano, an buga hatimi. Na biyar ya faɗo a tsakiyar damunar 2022. Wanda ya zauna a yankin nan a shekarar ya san abin da muke nufi. Ruwa ya ci gonaki, ya yanke hanyoyi, matasan gari suna kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa don kada kogi ya shigo cikin Haɗejia. Motarmu ma ƙasar take ɗebowa. A irin wannan hali wa zai ce a tsaya, za a kai ta Kano juyen baƙin mai? Muka sayi mai irin wanda littafin ya ambata, da filta ta asali, muka kai wa bakanikenmu na gari ya juye. Muka ajiye rasit. Da ruwa ya janye, sabis na shida muka koma Kano kamar yadda aka saba, babu wanda ya ce mana uffan.

Bayan 'yan watanni sitiyari ya fara ƙagewa, yana zubar da mai. Muka ce madalla, ga ranar littafin nan ta zo. Shugabanmu, dattijo ne mai furfura, shi ya bi direba da kansa. Aka karɓe su da fara'a, aka ba su kujera a ɗaki mai sanyi. Wani matashi sanye da riga mai tambarin kamfani ya buɗe littafin, ya bi shafukan da yatsa, ya tsaya a inda babu hatimi.

"Baba, sai dai haƙuri. Garantin nan ya faɗi."

"Ya faɗi a ina, yaro?"

"An taɓa motar a waje, Baba. Ga shi nan, sabis ɗaya babu."

"Baƙin mai muka juye, ga rasit. Me ya haɗa baƙin man inji da sitiyari?"

"Wallahi Baba ba daga ni ba ne, daga sama ne."

Tambayar dattijon nan har yau ba a amsa ta ba, kuma ita ce duk maganar da muke yi. Baƙin mai a cikin inji yake zagayawa. Sitiyari da nasa man daban, da nasa famfon daban, da nasa bututun daban. Ko ɗan koyo a gareji ya san wannan. Ba su ce juyen man ne ya lalata sitiyarin ba, domin sun san ba za su iya nunawa ba. Sun ce dai babu hatimi. Nan take kuma aka buga mana takardar kuɗin gyara, in mun yarda mu biya za a yi odar kayan daga Legas, mu saurari waya.

Wanda ya fahimci yadda kuɗi ke tafiya a harkar nan ba zai yi mamaki ba. In dila ya yi gyaran garanti, ba mai mota ne zai biya shi ba, kamfanin da ya ƙera motar ne. Sai ya cika takardu, ya ɗauki hotuna, ya nemi amincewa, ya jira, sannan a biya shi a kan farashin da kamfanin ya yanka, ba wanda shi yake so ba. In kuwa ya ce garanti ya faɗi, gyaran nan dai shi zai yi, amma a farashinsa, kuma kuɗi hannu. Mutumin da zai yanke hukunci a kan ko kana da haƙƙi, shi ne mutumin da zai ci riba in ba ka da shi. A wace kotu ake haka?

Sai kuma zancen ruwa. Kowane garanti yana cire ɓarnar ambaliya, kuma ba mu ce wannan zalunci ne a kan kansa ba. In direba ya yi ganganci ya afka cikin ruwa mai zurfi, inji ya zuƙi ruwa ta hanyar da yake shaƙar iska, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfen fistin zai lanƙwashe, inji ya buga. Wannan laifin direba ne, ko ƙaddara, ba laifin maƙera ba. Matsalar ita ce kalmar "ruwa" ta zama bargon da ake lulluɓe kowace ƙorafi da shi. A ɗaga mota sama, a ga taɓo ya bushe a ƙarƙashinta, shi ke nan an samu hujja. To wace mota ce a fadamar Haɗejia babu taɓo a ƙarƙashinta? Mu a bakin kogi muke. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja, kachalla ta toshe hanyoyinsa, yana malala inda a da ba ya zuwa. Daga Auyo zuwa Baturiya, hanyar gona a watan Agusta ruwa ce da laka. Mai sayar da motar ya san inda za ta je tun ranar da ya rubuta adireshinmu a rasit. Abin dariya ma, ku dubi tallan irin waɗannan motoci a talabijin da allunan bakin titi: kullum suna keta rafi ne, ruwa na fallatsa, ko suna hawa tudun yashi. Da hoton rafi ake sayar mana da ita, da taɓon rafin kuma ake hana mu gyara.

In ba ruwa ba, ƙura. In ba ƙura ba, mai. Ai kowa ya tuna watan Fabrairun 2022, lokacin da hukuma da kanta ta amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, aka janye shi daga kasuwa, layuka suka dawo gidajen mai. Mai mota bai tace man ba, bai shigo da shi ba, a gidan mai mai lasisi ya saya. Amma in famfon mai ya mutu, amsar da ke jiransa ita ce man da ya sha ba shi da kyau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In aka cire ruwa, aka cire ƙura, aka cire mai, aka cire ramukan hanya, aka kuma cire kayan da ake cewa dama masu cinyewa ne, irin su birki da kuloci da taya da batir, me ya rage a cikin alkawarin? Wataƙila madubi.

Yanzu mu zo kan sabis ɗin kansa, wanda saboda shi ake wannan doguwar tafiya. Da a ce aikin ya fi na ko'ina, da mutum ya haƙura ya ce tsada da dalili. A babban gareji, mai mota ba ya ganin motarsa. Akwai layin da ba a tsallakewa, an ce don kare lafiyarsa ne. Yana zaune yana kallon talabijin, can ciki ana abin da ake yi. Da yamma a fito da ita an wanke, an fesa turare, an shimfiɗa takarda a ƙarƙashin ƙafar direba, a miƙo rasit mai layi goma sha, da Turancin da ko wanda ya gama jami'a sai ya tambaya.

Kafin sabis na uku, bakanikenmu ya ce mu bari ya yi wata dabara. Ya ɗauki ƙusa ya yi wa filtar mai ɗan zane a gindi, inda ido ba ya kaiwa. Aka je Kano aka dawo. Rasit ya nuna sabuwar filta, an caji kuɗinta. Ya shiga ƙarƙashin mota da tocila, ya kira mu ɗaya bayan ɗaya mu leƙa. Ga zanen nan yana kallonmu, an dai goge jikin filtar da tsumma. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Muka buga waya, aka ce a yi haƙuri, a kawo motar su duba. A kawo ta. Kilomita 400 saboda filta. Sun san ba za mu zo ba, kuma ba mu je ba. Ba mu ce manaja ne ya ba da umarni ba, wataƙila wani yaro ne ya sa sabuwar a aljihu. Amma wanda ya hana ka ganin aiki, ya kuma ce hatiminsa ne kaɗai shaida, to nauyin abin da ya faru a bayan bangon a wuyansa yake.

Kada wani ya ɗauka muna cewa kanikawan gari waliyyai ne. Mun san halin wasu. Mota ta ɗan yi zafi, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, inji ya yi ta aiki a sanyaye yana shan mai. A kwance salansa a sace abin da suke kira indomi a sayar. Wuta ta kama a gaban direba, maimakon a nemi dalili sai a yi ta canje-canje har aljihu ya ƙare. Motocin yanzu kuma da kwamfuta suke tafiya, wanda ba shi da na'urar karanta ta lalube yake yi a duhu. Diloli ma suna da tasu hujjar, kuma mun ji ta: kayan jabu sun cika kasuwa, a Ƙofar Ruwa za a nuna maka filta uku masu kwali iri ɗaya a farashi uku, wasu masu mota suna mayar da agogon kilomita baya, dala ta yi tsada, kaya na daɗewa a tashar jiragen ruwa. Duk gaskiya ne.

Sai dai akwai abin da bakaniken gari ya fi su da shi, ko da kuwa a gindin bishiya yake aiki. Kana tsaye a kansa yake kwancewa. Abin da ya cire, a hannunka zai sa. In ya ɓata maka aiki, gobe za ku haɗu a kasuwa, jibi a wurin ɗaurin aure, akwai ubangidan da ya yaye shi, akwai shugaban kanikawa da za a kai ƙara gabansa. Kunya tana aiki a kansa. Wancan mai riga da tambari, in ya ce "daga sama ne", magana ta ƙare, domin saman ba ta da ƙofa.

Abin da dattijonmu ya tambaya a ɗakin nan mai sanyi, wasu ƙasashe sun daɗe da mayar da shi doka. A Amurka, tun 1975 aka yi dokar da ake kira Magnuson-Moss. Ta hana kamfani ya ce sai ka yi amfani da garejinsa ko kayansa sannan garanti zai tsaya, sai fa in kyauta zai ba ka su. In ka yi sabis a waje, wani abu ya lalace, kamfani ne zai nuna cewa aikin wajen ne ya jawo lalacewar kafin ya ƙi gyara. Tarayyar Turai ma a kan haka take: mai mota yana iya kai ta garejin da ya ga dama, muddin an yi aikin a kan lokaci da kayan da suka dace, garantinsa na nan. Kamfanonin da ke bin wannan ƙa'ida a can ba su karye ba, kuma motocinsu ne dai ake kawo mana nan.

Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba, a takarda dai. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshe mai sauƙi da zai fahimta. Ta ba shi haƙƙin a yi masa aiki mai inganci a kan lokaci. Ta haramta sharuɗɗan ciniki na zalunci da suka karkata ɓangare ɗaya. Ta ce kayan da suka zo da aibi a gyara, ko a canja, ko a mayar da kuɗi. Ana iya shigar da ƙorafi ta intanet. Laifinmu a nan shi ne ba ma yi. Mun iya zama a majalisa mu yi ta Allah-ya-isa har shayi ya huce, amma a ɗauki rasit da hoto a rubuta takarda shafi ɗaya, sai mu ce ina amfani. Mu ma ba mu rubuta ba a lokacin, kuma muna jin haushin kanmu. Kamfani ba ya jin zancen majalisa, takarda mai lamba da kwanan wata yake ji.

Masu 'yan Kwatano kuma, kada ku ce ba ruwanku, akwai wani ɓangare na zancen da ya fi shafar ku, kuma shi rai yake ci, ba kuɗi ba. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi shekaru yana ƙera jakar iskar nan da ke fashewa daga sitiyari ta tare direba in an yi karo. Sinadarin da ke hura ta, in ya daɗe yana shan zafi da laima, yana lalacewa. Ranar da aka yi karo, maimakon ya hura jakar sai ya tarwatsa gwangwanin da yake ciki, ɓaraguzan ƙarfe su yi fuskar direba da wuyansa. Mutum fiye da 20 ne suka mutu ta haka a Amurka kaɗai, an kuma samu mace-mace a Malesiya. An kira motoci miliyoyi a duniya a canja musu kyauta, kamfanin ya karye a 2017. Cikin motocin da abin ya shafa akwai Honda Accord da Civic da Toyota Corolla na shekarun 2000, irin waɗanda suka cika titunanmu. Zafi da laima aka ce. Ku tuna watan Afrilu a Haɗejia, ku tuna Agusta a fadama.

Wannan ba garanti ba ne mai ƙarewa da shekara 3, kira ne na ceton rai. Amma wasiƙar kiran adireshin mai motar na can take zuwa, ba ta bin mota ta hau jirgin ruwa. Su wa ya kamata su ɗauki maganar a nan in ba masu riƙe da tambarin waɗannan kamfanoni ba? Mu dai, duk sauraron rediyonmu, ba mu taɓa jin sanarwa da Hausa ana cewa mai mota kaza ya kawo a duba masa ba, amma tallan sabon samfuri muna ji. Wanda motarsa daga Amurka ta fito, akwai lamba mai harafi da alƙaluma 17 a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ya sa ta a shafin hukumar NHTSA ta Amurka, kyauta ne, zai ga ko akwai kiran da ba a amsa ba a kan motarsa.

Manyanmu suna tuna wani zamani daban. Lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, 504 ta zama motar Arewa, ta gwamnati da ta haya. Ƙarfinta ya taimaka, amma abin da ya riƙe ta shi ne kayanta suna ko'ina, kuma babu garin da za ta mutu a rasa wanda ya san cikinta. Ilimin motar ya bazu tare da motar. Yanzu an juya abin: motar ta zo ƙauye, iliminta da na'urarta da kayanta an kulle su a birni, a bayan gilashi.

Ba abin da ya fi ƙarfinsu muke nema ba. Kamfanin da ya iya kawo mota Haɗejia ranar biki, a yanka kirtani a yi tafi, ya iya turo motar sabis da ma'aikata biyu sau ɗaya a wata. In wannan ya yi masa tsada, ya zaɓi kanikawa biyu ko uku a gari ya horar da su, ya ba su na'ura, ya amince da sa hannunsu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin gari, ba sai an gina aji ba. Duk abin da aka ce an canja, a sa tsohon a leda a miƙa wa mai mota, ko a bar shi ya tsaya ya gani. In za a ƙi gyaran garanti, a rubuta dalili a takarda, a faɗi abin da ya lalata me, wani ya sa hannu da sunansa. Sharuɗɗan kuma a karanta su da Hausa kafin a karɓi kuɗi, ba ranar da mota ta mutu ba.

Masu sayen motoci da kuɗin jama'a, daga Dutse har ƙananan hukumomi, ku kuka fi kowa ƙarfi a wannan ciniki, kuma ku kuka fi sakaci. Wanda zai sayi mota 20 a lokaci ɗaya, in ya ce sai an sa sabis a wurin aikinta cikin yarjejeniya, babu dilan da zai tashi ya bar teburin. Ba a sawa ne saboda hankalin mai sa hannu yana kan ranar rabo, ba ya kan shekara ta biyu da motar za ta nemi gyara a Birniwa.

A-kori-kurarmu tana nan tana aiki. Ba mu biya kuɗin da suka yanka ba. Bakanikenmu ya je Ƙofar Ruwa da kansa, ya zaɓo kayan sitiyari na Beljiyam, ya ɗaura a gabanmu cikin yini ɗaya, ya zuba tsofaffin a bayan mota ya ce mu tafi da abinmu. Littafin yana cikin aljihun gaban motar, hatimi biyar a ciki, sauran shafukan farare. Direba ne ke amfani da bayansu, yana rubuta lissafin buhunan da ya kai kasuwa.